Ƙullin da ke tafin Gazali

A gindin gawon bakin kasuwar Urafane aka ƙulla maganar, shekarun da ayarin gishiri ke sauka Tasawa, kafin kowa ya ga Nasara. Gazali baduku, mutumin Azbin, ya ce in Na Allah wanzami ya tsaga mashi ƙullin da ya fito a tafin hannunshi na dama, ragon nan da ya jawo ya zama na wanzamin. Suka tafa da hagu. Dokar wanzamai kuwa sananniya ce, sai aska ta sha jini ake cin lada.

Ƙullin bai wuce ɗan kurna ba, baƙi-baƙi da shi. Amma wata biyar ke nan Gazali bai tura basilla cikin fata ba, masu aiki har sun fara kai jakunkunansu wani wuri.

Na Allah ya buɗe zabira, ya wasa aska, ya danna ƙullin da babban yatsa don ya ji inda mugunya ta kwanta. Sai abin ya lotse ya ɓace. Ya ɗaga yatsa, ya ga ya sake cika sannu a hankali kamar idon rijiya. Sau ɗaya tak ya taɓa ganin irin wannan, yana saurayi a Damagaram, a hannun wata mai kaɗi. Maigidanshi ya tsaga, jini ya ƙi tsayawa sai da aka ɗora wuta, matar ba ta ƙara juya mazari ba.

"Ɗaga hannun sama, ɗan Azbin, kamar kana kiran raƙuminka da ya gudu," in ji Na Allah.

Gazali ya ɗaga, ƙullin ya yamutse. Ya sauke, ya kumbura. Na Allah ya ɗaure dantsen da tsirkiya, ƙullin ya ƙara tasowa fal. Tsoho ya miƙe zumbur yana ƙwala wa sauran wanzamai kira, su zo su ga abin da ba za su sake gani ba. Kan ka ce me, masu hatsi da masu jaki sun kewaye su, shi kuwa sai ɗaga hannun yake yana saukewa, bakinshi har kunne.

Ya ce masu ba maruru ba ne, don babu zafi babu mugunya, ba kuma sammu ba ne. Jijiyoyin jini ne suka nannaɗe wuri guda kamar zare a kwando. Ba ya kisa, ba ya yaɗo, aska kawai ya ƙi jini.

Gazali ya ce shi dai a tsaga, zai ƙara da akuya. Na Allah ya dubi ragon, ya daɗe yana duban ƙibar wuyanshi, sannan ya maida aska cikin zabira.

"Baba, ciniki fa muka yi."

"Da hannunka za ka nemi wani ragon. Ni ina zan nemo maka wani hannun?"

Ya sa shi ya ɗinka 'yar matashiyar fata mai laushi, ya cusa auduga, ya riƙa ɗaurawa a tafin in zai yi aiki, in ya ji nauyi ya ɗaga hannun sama. Kafin kaka Gazali ya koma ɗinki.

Baduku dai ya tsira da hannunshi da sana'arshi. Wanzami ya samu labarin da zai riƙa bayarwa kowace kasuwa. Wadda ta yi asara ita ce A'i matar Na Allah, da ta riga ta faɗa wa maƙwabta su zo cin nama.