Laraba Ba Ta Koci Ba Ce

Ƙanƙara ta kai wa Lavonte Pettway iya ƙirji sa'ad da Koci Hollis ya zo ya tsaya a kansa. A wannan bahon ƙanƙara yake jiƙa jikinsa kullum bayan atisayen ƙwallon zari-ruga, tun da jami'ar ta ɗauko shi daga ƙauyensu na jihar Alabama ta Amurka da alkawarin karatu kyauta.

"An ce ka shiga ajin likitancin dabbobi," in ji kocin.

"Haka ne, Koci."

"Laraba da rana, lokacin atisaye? Ɗana, akwai ajin da muka zaɓa muku. Kowa ya shiga yana ci."

"Ajin da ake sharar barci? Na gode."

Koci Hollis ya yi murmushin nan nasa da ba ya kaiwa ido. Mutum ne mai son yaransa, muddin ƙafarsu na gudu.

"Ci kyauta, ɗaki kyauta, karatu kyauta. Me kuma kake nema?"

"Karatun. Shi kuka ce ladana ne, har yau ban gan shi ba. Gwiwata kuwa kun karɓa tun bara."

"In Laraba ta yi ba ka fili, akwai masu jiran rigarka. Tallafin karatun ma ba gadon gidanku ba ne."

Lavonte ya ji tsoro, tsoro na gaske. In aka janye tallafin nan, sai komawa gonar kajin da aikinta ya lalata wa mahaifinsa ƙashin baya. Amma haushi ya fi tsoron nauyi.

Ran Laraba ya wuce ƙofar fili, yana jin usur daga ciki, bai waiwaya ba. Ya hau benen sashen kimiyya yana ɗingishi. A bakin ajin wata dattijuwar malama ta dubi faɗin kafaɗarsa, ta dubi rigar ƙungiyar da ke jikinsa.

"Samari, ka yi ɓatan kai ne? Filin wasa yana can ƙasa."

"Na sani, Malama. Daga can nake."

Ya nemi kujerar gaba ya zauna, da ƙyar ta ɗauke shi. Ya zaro biro. Yatsunsa da suka sha karaya suka ƙi lanƙwasuwa, sai ya damƙe biron da hannu duka, ya jira ta fara.