Fentin Motar Auta

Kwana goma ke nan da aka sauke wa Malama eriyarta daga kan bene. Ba ta ma gida ranar, ta je asibiti awon jini. Da ta dawo sai ta tarar da wayarta ta tagulla, mai tsawon taku arba'in, an naɗe ta kamar igiyar shanya an yasar a bakin ƙofa, da takarda a kai. Wai kwamitin masu haya ya zauna, ya gano eriyar tana ɓata fuskar gini, kuma tana shiga talabijin ɗin jama'a. Ciyaman ya sa hannu, ya danna hatimi har sau biyu, don kada a ce bai yi aiki ba.

Shekara talatin Malama ta yi tana koyar da lantarki a makarantar sana'a, kuma tun tana budurwa take da lasisin rediyon nan da ake magana da shi, ba na sauraren labarai ba. Da sha'awa ce kaɗai, da ta haɗiye fushinta. Amma akwai Yaya.

Yaya wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu suka rage. Yana zaune a gonarsa can bayan duwatsu, tafiyar kwana biyu, inda wayar hannu ba ta da amfani sai dai a haska hanya da ita. Kowace Asabar, ƙarfe tara na safe, su haɗu a rediyo, a kan zangon mita arba'in, su yi rabin awa suna faɗa. Tun shekarar da zazzaɓi ya kusa kashe shi ita ba ta sani ba suka ƙulla alkawari: Asabar ɗaya shiru, a yi haƙuri, ƙila batir ne; Asabar biyu shiru, wanda ke da ƙafa ya kamo hanya. Wancan satin an yi shiru. Yaya kuwa shekararsa saba'in da tara, idon hagu yanar ido ta rufe shi, na dama rabi-rabi yake gani, ga akori-kurarsa sai an taka birki sau uku kafin ya kama. Kuma mutum ne da ba ya saɓa magana. Ko wani mai rediyon ya isar masa da saƙo ba zai yarda ba, cewa zai yi ɓoye masa ake yi. In bai ji muryarta yau ba, zai hau hanyar dutsen nan, ita kuwa ta san ba lalle ya sauko ba.

Shi ya sa ƙarfe takwas da kwata ta same ta a filin ajiye motoci, zaune a sabuwar motar Auta, tabarau a kan hanci.

Auta ɗanta ne na ƙarshe, shekara arba'in da biyu, da tumbinsa da 'ya'yansa uku, amma har gobe Auta. Shi ma a ginin yake haya. Motar sati uku da sayenta, baƙa wuluk, ko ledar kujeru bai bari an cire ba. Da ƙyar ya yarda ya ara mata ita na safiyar Asabar, bisa sharaɗin ko ƙwarzane kada ya gani. Shi da kansa ya ɗaura mata eriyar jiya da la'asar a gefen murfin but, don bai yarda da hannun kowa ba.

Eriyar wani tsohon ɗalibinta ne ya aiko mata. Jikinta kamar taɓarya, a ciki akwai naɗin waya da ɗan inji mai tura shi sama ko ƙasa, a ka kuma doguwar bulala ta ƙarfe. Daga kujerar direba ake sarrafa ta da madanni. Malama ta kunna rediyon, ta danna sama. Injin ya yi ƙugi a baya, zuuu, taɓaryar tana miƙewa a hankali. Ta kasa kunne. Haka ake yi: sai shuuu ɗin da ke fitowa daga sifika ya yi ƙarfi, alamar an kusa, sannan a matsa makirufo kaɗan a kalli allurar ma'auni. In allura ta faɗo ƙasa da biyu, murya za ta fita. In ta tsaya sama, ƙarfin komawa yake yi cikin rediyon, shi kuma ya rage kansa don kada ya ƙone, sai ka yi ta ihu kai kaɗai a mota.

Ta matsa. Allura ta tsaya a biyar. Ta ɗan sauke, biyar. Ta ɗan ɗaga, biyar da rabi.

"Kai, Allah wadaran ki," in ji Malama.

Sai ga ƙwanƙwasa a gilashi. Ciyaman ne, da fayil a hammata, da safiyar Asabar ɗin ma. Tsohon akawu ne da ya yi ritaya bai samu abin mulka ba sai rijiyar burtsatse da kwandon shara.

"Malama, barka da asuba. Wannan kuma mene ne?"

"Mota ce, Ciyaman. An tashi lafiya?"

"A'a, abin da ke bayanta nake nufi. Sashe na tara na dokar kwamiti ya ce ba a kafa eriya a jikin gini ko harabarsa."

"To kafa ta ka ga na yi? Leƙa ƙasa ka gani, taya huɗu gare ta."

"Amma tayun a haraba suke."

Malama ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon da ta shekara talatin tana yi wa ɗalibin da ya haɗa waya a baibai. Tana da amsa cike da baki, lokaci ne ba ta da shi. Ta murɗa makulli, ta ce wa maigadi ya wangale get. Bulalar ta daki ƙarfen saman get ɗin, ta yi ƙara kamar an buga faranti. Ta fita, ta tsaya daidai inda kwalta ta fara, tayar baya ko taku ɗaya ba ta bar layin get ba. Ta sauke gilashi.

"Nan kuma titin gwamnati ne. In kana da sashe a kansa, karanto mini."

Ciyaman ya buɗe fayil, ya rufe. Mai shayin bakin titi ya tuntsire da dariya har yana zubar da madara.

Daɗin bai daɗe ba. Ta zaci bangon ginin ne ke dagula mata lissafi, amma a fili ma allura ba ta motsa ba. Ta tura naɗin har ƙarshe sama, ta dawo da shi har ƙasa, tana tsayawa tana gwadawa. Biyar, shida, biyar. Ƙarfe tara saura minti ashirin. A nan ne tsoro ya kama ta sosai.

Ta kashe komai ta fito, ta zaga baya tana dafa mota saboda ciwon gwiwa. Ta duba waya, lafiya. Ta duba mahaɗi, a ɗaure. Ta ɗaga murfin but ta leƙa ƙarƙashin maƙalin da ya riƙe eriyar. Sai ta yi salati.

Robar tub ce, ta tayar keke, an yanka ta tsaf an ninka biyu an shimfiɗa tsakanin maƙalin da jikin mota, sama da ƙasa. Har bakin kowane noti an sa masa 'yar hular roba.

"Umma, lafiya? Na ji an ce kin fita da ita waje." Auta ne ya taho da sauri, da silifas da kofin shayi.

"Zo nan, ɗan albarka. Wa ya sa wannan?"

"Ni ne. Ai don kada ya ci fentin."

"Ka kyauta. Shekara arba'in da biyu a gidan malamar lantarki, ka rasa abin da za ka raba ƙarfe da ƙarfe da shi sai roba! Kai, wannan sandar da kake gani rabin eriya ce. Ɗaya rabin motarka ce, duk jikinta. In ba su taɓa juna ba, tsirara, ƙarfe da ƙarfe, babu inda murya za ta je."

"To a cire robar mana."

"Za a cire. Fentin ma roba ne a wurin wuta. Sai an kankare."

Auta ya ajiye kofin a ƙasa a hankali. "Umma, ba haka muka yi da ke ba."

"Ba haka muka yi ba."

"Sati uku fa! Ko lamba ta dindindin ba a sa mata ba. Don Allah ki bari zuwa mako mai zuwa, in kai ta wurin masu gyara su yi shi a tsanake. Kawu ai ba yaro ba ne. Wa zai hau dutse don an yi shiru a rediyo?"

"Kawunka zai hau. Na san shi tun kafin a san za a haife ka."

Ciyaman, wanda ya biyo su har bakin get, ya ga ƙofa ta buɗe. "Ka gani ko? Abin da muke faɗa ke nan. Tsufa ya zo, sai a haƙura da wasan yara."

Malama ba ta ko waiwaye shi ba. Ta ciro sifana daga jakarta ta kwance notunan, ta zare robar ta miƙa wa Auta a hannu. Sannan ta ciro 'yar wuƙar da take feƙe waya da ita.

"Auta, na yi maka alkawari, kuma yanzu zan karya shi kana kallo, ba a bayan idonka ba. Ka ji haushina shekara guda, zan iya ɗauka. Ka hana ni motar daga yau, ita ma zan ɗauka. Amma ba zan zauna ina lallashin fenti ba, ɗan'uwana yana neman birki a kan dutse."

Ta ɗora wuƙar a gefen murfin ta danna. Fentin ya yi tauri, hannun kuma ya tsufa. Wuƙar ta zame, ta ja farin layi mai tsawon ɗani a tsakiyar baƙin, inda duk mai bin motar a baya zai gani. Mai shayi ya ce, "Wayyo!" Auta ya rufe ido kamar shi aka yanka.

Ta sake ɗora wuƙar. Sai ya riƙe mata hannu.

"Kawo, Umma. In dai yanka ta za a yi, gara ni. Nuna mini wurin."

Ta nuna masa: nan, faɗin kwabo, sama da ƙasa, har sai ƙarfe ya yi ƙyalli. Sai kuma can ciki kusa da maratayin murfin, inda za a ɗaura kitsattsiyar wayar tagulla ta haɗa murfin da gangar jiki. Ya durƙusa a kan kwalta yana kankara, yana tsaki, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ita tana tsaye a kansa tana cewa bai isa ba, ƙara. Da suka ɗaure noti na ƙarshe, tara ta wuce da minti goma sha ɗaya.

"Rufe but. Ja baya, kowa ya ja baya, kada wanda ya taɓa sandar nan, tana ƙuna. Ciyaman, har da kai, ba na son a rubuta ni a sashe na goma."

Ta shiga ta ja ƙofa. Ta danna sama. Zuuu. Wannan karon shuuu ɗin ya taso kamar ruwan sama a kan kwano, har sai da ta rage murya. Ta saki madanni, ta matsa makirufo. Uku. Ta ɗan taɓa sama, taɓawa ɗaya. Biyu. Ta ƙara, ya koma biyu da rabi, ta wuce wurin. Ta dawo ƙasa da ƙiftawar yatsa. Allura ta kwanta a ɗaya da rabi, ta tsaya cak.

Ta buɗe wuta duka, ta faɗi lambar kiransa sau biyu, ta faɗi tata. Ta saki. Shuuu kawai. Ta sake kira. Wasu mutum biyu can nesa suna hira a kan ruwan sama, ba su ne take nema ba. Tara da minti goma sha tara. A kira na huɗu ta watsar da ƙa'ida.

"Yaya! Ni ce. In kana kusa ka ɗauka. Yaya, kada ka kuskura!"

Shiru. Auta ya matso jikin gilashi, wuƙar na hannunsa har yanzu.

Sai sifika ta yi ƙarar dannawa, murya ta fito, siririya, tana nitsewa tana tasowa.

"Ke 'yar nema. Ina kika shiga? Na dawo ɗaukar hulata ne na ji kamar ana ihu."

A bayan muryar akwai wata ƙara, gur-gur-gur, mai tari a tsakani. Malama ta san ta. Akori-kurar ce, a kunne, a ƙofar ɗaki.

"Lafiyata ƙalau. Eriya aka sauke mini, na kafa wata. Je ka kashe motar nan."

"Na riga na ɗora kaya. Har kaji biyu na kama miki."

"Ka sake su. Ka ce wa matarka ta riƙe makirufo a matse, ka fita ka kashe ta ina ji. Ba zan ce komai ba sai na ji."

"Har yau ba ki daina ba da oda ba."

"Ban daina ba. Tafi."

Aka yi 'yar hayaniya, muryar mace ta ce, "Ga shi na riƙe, ya fita." Malama ta ƙura wa sifikar ido. Gur-gur-gur, gur-gur. Ta ji ƙarar ƙofar mota can ciki. Injin ya yi tari sau biyu, ya mutu.

Ta cire tabarau ta kifa goshinta a kan sitiyari. Auta ya buɗe ƙofar ɗaya gefen ya zauna a kan ledarsa.

"To na kashe," in ji Yaya, yana haki. "Kina nan?"

Ta share fuska da gefen mayafi, ta matsa makirufo.

"Ina nan. Zauna ka huta, in ba ka labarin wani Ciyaman."