Jan Bangon da Badriyya Ta Shafe

Tun ranar da aka kawo Badriyya daga garin Ƙena zuwa ƙauyenmu na bakin Bahar Maliya, abu ɗaya ya tsone mata ido a gidan mijinta: bangon saman bene da ke kallon teku. Ja ne wur, irin jan da masunta ke shafa wa gindin jirgi, ba zane, ba ado. Gidajen unguwa kaf farare ne masu shuɗin tagogi, nasu kaɗai ya fita zakka kamar an yanka rago a kansa.

Ta tambayi mijinta Shahhat, yana tsakiyar cire ƙayar kifi ya ce haka ya tashi ya gan shi. Ta tambayi uwar mijin, Ummu Shahhat, ita kuma ta ce, "Bar bangon nan, 'yata, yana aikinsa." Badriyya ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. To, halinmu ke nan mutanen garin nan, kuma yana ba ni haushi. Abin da kowa ya sani, ba mai buɗe baki ya gaya wa baƙo.

Wata bakwai da bikin, Ummu Shahhat ta hau jirgin ruwa daga Safaja zuwa aikin hajji. Bayan Sallah saƙo ya zo cewa ranar Juma'a za ta sauka. Gidan da mai hajji zai dawo kuwa dole a shafe shi da sabon fenti, a zana masa Ka'aba da jirgin da ya ɗauke shi, duk mai wucewa ya sani. Shahhat zai fita kamun kifi na kwana biyar da sauran mazan gari. Yana saɓa taru a kafaɗa ya ce, "Ki kira mai zane, ki yi yadda kika ga ya yi kyau. Ai gidanki ne."

Wayyo, Badriyya kamar ta taka rawa a tsakar gida!

Ran Litinin motar safe ta sauke Usta Naji, mai zane, ɗan garin su Badriyya, da gwangwanayensa da tsaninsa da surutunsa. Ya ƙare wa gidan kallo, ya yi tsaki.

"'Yar garinmu, gishirin teku ya cinye muku ƙofa, ya fara lasar tagogi. Nan mutane ke kwana ko kifi?"

"Kai dai buɗe gwangwani, Usta, ba wa'azi na kira ka ba."

Aka shiga aiki. Ƙofa ta sha shuɗi mai duhu, tagogi suka sha kore shar, ɗakin Hajja, uwar mijin, kuma ruwan ƙwai, don Badriyya ta ce tana son rana ta riƙa kwana a ciki. Ita ke dama fenti, ita ke riƙe tsani, ɗankwalinta duk ɗigo-ɗigo. A bangon gaba Usta ya zana Ka'aba, ya kewaye ta da fitilu, ya rubuta barka da dawowa da manyan baƙaƙe, sannan ya ƙara raƙumi a gefe. Matan unguwa suka cika lungu suna kallo.

"Usta," in ji Ummu Rida, maƙwabciyarsu, "wannan raƙumi ne ko akuyata ka zana ba ka gaya mini ba?"

"Akuyarki ta taɓa zuwa Makka, Hajiyar baki?"

Lungu ya kaure da dariya. Badriyya ta fito da shayi da shinkafa da kifi, aka ci aka sha, tana ta leƙen ƙofarta tana jin daɗi har cikin ranta.

Da suka hau saman bene, Usta ya leƙa bayan gidan ya ja da baya. "Subhanallahi! Wa ya yi wannan ta'asar?"

"Yauwa! Na gode wa Allah, na samu mai ido. Wata takwas ina kallonsa ina ƙunar rai."

"Nan ne wurin jirgin Hajja. Fari tas, jirgi shuɗi a tsakiya, yana kallon teku kamar zai koma."

Jan ya yi taurin kai, sai da suka yi masa shafi biyu, Talata da Laraba, kafin ya ɓace. Ba wanda ya lura. Daga lungu ba a hango bayan gidan, maza kuma duk suna kan ruwa. Ran Alhamis da hantsi Usta ya zana jirgin, ƙato, mai bene uku da hayaƙi da tuta, har da wata 'yar tsohuwa da farin mayafi tana ɗaga hannu. Wallahi ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba.

Bayan azahar Badriyya ta kasa haƙuri, ta gangara bakin teku don ta hango aikinta daga nesa. Iskar arewa ta taso tun safe, ruwa sai kumfa yake. Ta juya ta kalli gidan, ta dafe ƙirji. Ga shi fari sol a cikin 'yan'uwansa, hasumiyar masallaci tana bayansa.

A gindin wani kifaffen kwale-kwale Ammu Sakar na zaune yana ɗinkin taru. Tsohon shugaban jirgi ne, ciwon gwiwa ya raba shi da teku, kuma kwanansa uku a Ƙusair wajen 'yarsa, ranar ya dawo.

"Ammu, ɗago ka ga gidanmu!" in ji ta.

Ya ɗago yana murmushi. Murmushin ya ɗauke, zaren ya faɗi daga hannunsa.

"Ina jan bangon?"

"Na shafe shi, Ammu. Bai yi kyau ba?"

"Innalillahi! Yarinya, kin rufe wa mijinki ƙofa!"

Ya miƙe da ƙyar, ya nuna mata teku da sandarsa. Duwatsun murjani sun kewaye gaɓarmu kamar katanga a ƙarƙashin ruwa, mashiga ɗaya ce, faɗinta bai wuce jirgi biyu ba. In ruwa ya kwanta ana ganinta da ido. Amma ranar iska, ko'ina kumfa, ga rana ta karkata tana dukan idon mai shigowa, hanya ɗaya ce: matuƙi ya daidaita jan bangon nan a ƙarƙashin hasumiya, ya miƙe a kai. In ya kauce kaɗan, dutse ya farke cikin jirgi.

"Yau za su shigo, kafin la'asar," in ji shi. "Jirgi huɗu. Ga su can ma!"

Can nesa, ɗige-ɗige huɗu suna hawa suna sauka. Badriyya ta juya ta nufi gida. Ta kwasa da gudu, takalmi ɗaya ya tsaya a yashi, ba ta waiwaye shi ba.

"Usta! Ja! Kawo jan fenti!"

Usta Naji ya ɗaga mata wani ɗan gwangwani da bai kai kofin shayi ba. "Na tutar jirgi ne, ya kusa ƙarewa. Lafiya?"

Ta faɗa masa a tsaitsaye. Usta ya yi salati. Jan fentin jirgi yana rumbun masunta a kulle, makullin yana aljihun wani a kan teku. Badriyya ta tsaya tsakar gida tana juyi, tana neman ja. Tabarma ba ja ba, labule ba ja ba. Sai idonta ya faɗa kan akwatin da ke saman kabad.

Bargon aurenta ne a ciki. Jan satin mai sheƙi, cike da auduga, uwarta ta kwashe wata biyu tana ɗinkinsa da hannu. Ko sau ɗaya Badriyya ba ta shimfiɗa shi ba. Takan buɗe, ta shafa, ta mayar.

Ta finciko shi, ta haye bene tana tuntuɓe, ta zura shi ta kan katanga. Iska ta ɗauke shi sama kamar tuta. Ummu Rida da ta ji ihu ta hauro da duwatsu a cikin zaninta, suka danne bakin sama, amma ƙasan sai kaɗawa yake, fari na leƙowa.

"Usta, danne shi a bangon!"

"Fentin ɗanye ne, 'yar garinmu! Jirgin zai lalace, bargon ma ya tafi!"

"Su tafi! Danne!"

Ya dubi jirginsa sau ɗaya. Sannan ya kafa tsani, ya cika baki da ƙusoshi, ya hau, ya manna bargon a kan aikin da ya yi da hantsi, ya dinga buga guduma yana zagin iska da kakannin iska. Daga bakin ruwa Ammu Sakar na kaɗa sanda yana ihu a ja shi hagu, a ƙara, a ƙara, to ya isa!

Badriyya ta kwanta rub da ciki a kan katanga, ta riƙe bargon da hannu biyu. Daga nan tana ganin komai. Jiragen sun iso bayan kumfa sun tsaya, suna kewaya wuri ɗaya, ruwa na watsa su. Na gaba, mai koren baki, na Shahhat ne. Ya matso, ya ja da baya. Ya sake matsowa ta inda ba daidai ba, har Ammu Sakar ya ɗora hannu a ka.

"Ya Rabbi, ka nuna masa," take ta faɗa. "Shahhat, ɗago kanka, don Allah ɗago kanka!"

Sai bakin jirgin ya juya a hankali, ya fuskance ta sak. Ya taho, kumfa dama, kumfa hagu, ya ratsa tsakiya ya faɗo inda ruwa ya kwanta. Na biyu ya bi sawunsa, na uku, na huɗu. Ummu Rida ta rangaɗa guɗa, lungu ya amsa, Usta ya kusa faɗowa daga tsani don kabbara. Badriyya kuwa kuka take da dariya a haɗe, ta kasa sakin bargon.

A haka Shahhat ya same ta, jiƙe sharkaf, idonsa ja da gishiri. Ya leƙa bangon, ya dube ta.

"Ba wanda ya gaya mini," ta ce.

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya tuna amsar da ya ba ta ranar da ta tambaya, ya rufe. Ya zauna kusa da ita ya sauke numfashi.

"Na nemi ja na rasa, na ce yau mun kaɗe. Can sai na hango abu yana sheƙi, na ce wa mutanena ku biyo ni, na san wannan. Wata takwas ina roƙon ki shimfiɗa mana shi, kina cewa sai babbar rana."

"To ai ga ta," in ji Badriyya tana share hanci.

Da aka ɓamɓare bargon, jirgin Usta ya biyo shi gaba ɗaya, da hayaƙinsa da 'yar tsohuwarsa. Badriyya ta ce a kafa shi a ɗakin Hajja. Usta ya yi rantsuwa bai taɓa yin zane mai kyan wannan ba.

Ran Juma'a da hantsi motar Safaja ta tsaya, aka tari Hajja da ganga da guɗa. Ta yaba ƙofa, ta yaba Ka'aba, ta tambayi akuyar wa aka zana. Sannan ta nemi matar ɗanta, aka ce tana sama. Ta hau a hankali, ta tarar da Badriyya a kan tsani, hannuwanta ja har gwiwa, bango ya kusa komawa yadda yake. Labari ya riga ya iske Hajja tun a mota.

Badriyya ta sauko ta sunkuyar da kai. Hajja ta kama jajayen hannuwan nan, ba ta damu da farin mayafinta ba.

"Shekara talatin da shida ina shafa shi duk bazara, tun uban Shahhat na shiga teku," ta ce. "Ko rana ɗaya ban taɓa son kalar nan ba, 'yata. Muninta ya isa."

Ta nuna mata kusurwar sama da yatsa.

"Kin bar fari can. Ta nan suke fara hangowa."