Filashin Obadiah

Shekara uku Obadiah yana tasowa daga Jikwoyi zuwa ofis da ɗan filashi a aljihun gaba. Kwamfutar da ma'aikatar ta ba shi cike take da bairos, sai ya ɗora cikakken tsarin kwamfuta a filashin, irin wanda ba ya canzawa kuma ba ya riƙe komai. In ya cusa, ya kunna, sai injin ya tashi daga ciki, har da manhajar rubutu. In ya zare da yamma, shi ke nan, kwamfutar ba ta san an taɓa ta ba. Ya kuwa cika baki da abin har ya ishi kowa.

Duk rahoton da ya rubuta, a takarda yake miƙa wa daraktansu, Oga Tawfiq, shi kuma ya sa hannu ya kai wa na sama da sunan shi ya rubuta.

Kwatsam sai ga kwamitin farautar ma'aikatan bogi. Aikin malalata suka yi, wallahi: su buɗe kwamfutar kowa su ga yaushe ya shiga. Ta Obadiah ta nuna rabon da a shiga shekara uku.

Obadiah ya zaro filashin ya yi bayani. Shugabar kwamitin, Hajiya Fadima, ta saurare shi tsaf, sannan ta ce sa filashin waje a injin gwamnati laifin kora ne. To ya zaɓa: ko ba ya zuwa aiki, ko yana zuwa yana karya doka. Aka karɓe filashin, aka kira Oga. Obadiah ya ji sanyi a ransa, ai Oga ya san komai.

Oga ya dube shi sama da ƙasa. "Fuskar dai na sani, Hajiya. Aikinsa ne ban taɓa gani ba."

Ran Juma'a takardar sallama ta fito. Kunya ta hana shi gaya wa matarsa Rosemary, don haka ran Litinin ya sa taye ya fita, ya zauna a bakin tasha. Wajen ƙarfe goma wayarsa ta yi ƙara. Oga ne. Obadiah bawan Allah har miƙewa tsaye ya yi, ya ɗauka an gyara magana.

"Obadiah, abin nan naka yana hannuna. Kwamfutata ta ƙi tashi, ga shi ina da mitin. Wane maɓalli ake dannawa?"

Zagi ya zo masa har maƙogwaro. Amma takardar ƙorafin da zai rubuta kan korarsa sai ta bi ta teburin mutumin nan.

"F12, Oga."

Ya ji Oga ya ce madalla. Ya buɗe baki zai yi maganar aikinsa, sai layin ya katse.