Farantin Mai Ƙaiƙayi

"Yau ma ruwa kawai za ki canza musu, Dakta?"

"Ba su cika farantin ba tukuna, Kawu."

"Haba 'yata. Ko ni da idona ya fara gajiya na ga sun cika tun shekaranjiya."

Ba ta ɗago daga na'urar hangen ƙananan halittu ba. Kawu shi ne mai kula da ɗakin gwajin. Shekara ashirin ke nan yana wanke kwalabe yana duba akwatin ɗumi, ba a yi masa ƙarya a kan faranti. Ya girgiza kai, ya tura kekensa na kwalabe ya fita.

Ɗakin ya koma shiru, sai gurnanin firiza. A ƙarƙashin gilashi ƙwayoyin fatar suna kwance gefe da gefe kamar duwatsun daɓe, suna ɗan ƙyalli. Na mijinta ne.

Tun suna saurayi da budurwa yake fama da ciwon fata. Gwiwar hannunsa takan yi ja, ta yi ɓawo fari, yana susa yana zuba a kan kujera. Ita ta laƙaba masa Mai Ƙaiƙayi, shi kuwa ya karɓi sunan har yana sa hannu da shi a wasiƙa. Wata rana ta zauna ta yi masa bayanin aikinta: a wuyan mutum akwai wasu 'yan ƙulli huɗu masu fitar da sinadarin farataroyid, mai daidaita kalsiyam a jini, fata kuma tana yin wani furotin ɗan uwansa. Abin da take zato shi ne, idan ƙwayoyin fata suka ji saƙon wannan furotin sai su rage haihuwa, su balaga, su zama fata sosai. Nasa kuwa haihuwa suke ba tsayawa.

"Wato fatata ba ta jin magana," ya ce. "To ɗauke ta ki kai ta makaranta."

Ya cika takardar amincewa, likita ya yanki ɗan guntu bai kai ƙwayar shinkafa ba. Yana fitowa da filasta ya ce, "Yanzu kullum ina wurin aikinki. Kowa ya kalle ki, ina gani."

Wata bakwai bayan haka zuciyarsa ta tsaya a tashar mota, da jakarsa a hannu. Kwalabe shida ta daskarar na ƙwayoyinsa. Biyar sun ƙare a gwajin share fage. Wannan farantin daga ta shida ya fito.

Ta san abin da take yi. Tana ba su ruwa mai ƙarancin kalsiyam don kada su balaga, tana raba su, tana sake shukawa. Idan ta ɗiga musu furotin, kwana uku za ta jira, sannan ta zuba maganin da zai sandarar da su, ta rina su ta ƙirga. Daga nan babu sauran wani abu nasa mai rai a duniya. A gida takalmansa ne kawai a bayan ƙofa, su kuwa ba sa buƙatar a ciyar da su. Nan ne kaɗai take da wanda za ta ce wa ina kwana.

Kawu ya dawo da tsakar rana ya same ta inda ya bar ta, abincinta a rufe. Ya sa safar hannu, ya ce ta matsa. Ya daɗe yana leƙe.

"Dubi gefen hagu."

Ta duba. Wasu ƙwayoyin sun yi faɗi, sun baje kamar soyayyen ƙwai, cikinsu duk ramuka.

"Tsufa ne," ya ce. "Na san shi, muna gaisawa kullum a madubi. Rabawa ɗaya ta rage musu, da ƙyar biyu. Bayan nan ko tulun furotin kika juye musu ba za su amsa ba."

"Na sani."

"Kin sani, amma kina zaune."

"Kawu, in na sa musu, na kashe shi da hannuna."

Hawaye ya sauko mata, ta kau da kai don kada ya ɗiga kusa da farantin. Kawu ya jawo kujera ya zauna.

"Ina nan ranar da ya zo da filastarsa. Ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce, 'Baba, in an gano dalilin susar nan, a fara gaya mini kafin shugabanku Farfesa.' Har yau ban sami abin gaya masa ba."

Dariya ta ƙwace mata cikin kuka. Muryar mijinta ce sak, har da rainin wayon.

Ta sake sa ido a na'urar. A tsakiyar farantin akwai sauran ƙanana, masu sheƙi, wata ma tana tsakiyar rabuwa gida biyu. Waɗannan za su iya jin saƙo. Jibi wataƙila ba za su iya ba. Mijinta ya ba da fatarsa ne don a yi mata tambaya, ita kuwa ta hana a yi.

Ta share fuska da hannun riga, ta canza safar hannu, ta kunna fankar teburin aiki. Ta ɗauko sabbin faranti biyu, ta rubuta kwanan wata a murfinsu: ɗaya na furotin, ɗaya na kwatance wanda ba za a sa wa furotin ba. A ƙasa, inda ake sa lamba, ta ƙara da ƙananan baƙaƙe: Mai Ƙaiƙayi.

"Duka za ki raba? Ba za ki rage ko kaɗan ba?"

"In na rage, ba za su isa a ƙirga ba." Ta miƙa hannu. "Fito da furotin ɗin daga firiza, Kawu. Yau zan tambayi Mai Ƙaiƙayi."