Jan Gero a Ƙwaryar Hure

A shekarar da fari ya cinye gonakin ƙasar Kunci, har mata suka koma tonon gidan tururuwa suna neman tsaba, a shekarar ce Malam Sama'ilu ya ga ya dace ya tafi Makka. Ba wanda ya isa ya hana mutum zuwa ɗakin Allah, matarsa Hure ma ba ta hana shi ba. Ya sayar da bijiminsa na huɗa, ta haɗiye. Abin da ya ƙona mata rai shi ne wayon da ya biyo baya.

Mai kai alhazai ta ƙasa a lokacin shi ne Alhaji Kallamu, Babarbare mazaunin Kano, wanda ya san hanyar kamar tafin hannunsa: a mota zuwa Maiduguri, a ratsa Chadi da Sudan, a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Farashinsa iri biyu ne. Ko ka biya jimla, shi ya ɗauki nauyin mota da jirgi da cinka da shanka har ka dawo, ko kuma ka bi ayari kana biyan kowane zango da kanka, ka ci guzurinka.

Kuɗin bijimin ya isa jimla cif, ba ragi. Nan fa gardamar take, domin Sama'ilu yana son ragi. Yana son tsarabar da zai raba a ce Alhaji ya dawo, yana kuma son haƙorin Makka, na zinariya, wanda zai riƙa walƙiya in ya yi dariya a bakin masallaci. Mutumin da haƙoransa talatin da biyu ba su da abin taunawa, wai ƙarin guda yake nema!

"Jimlar nan cuta ce," in ji shi, yana zaune kan buzu a tsakar gida. "Yaya zan biya kuɗin abincin da ban gani ba? In na yi azumi a hanya, zai maido mini? In jirgi ya juya mini ciki na kasa ci fa? Kallamu ya ci banza ke nan. Gara in tafi da abincina na gida, kyauta."

"Wane abincin, Malam?" Hure ta tambaya.

Ya nuna rumbu da haɓa.

Ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ba komai a rumbun nan sai dammunan iri, zangarniyar da ta bi gona ta tsinto ɗaya bayan ɗaya daga 'yan karan da suka tsira. Ita da yaranta sun yini da yunwa sau ba adadi, suna cin tafasa da dusa, ba ta taɓa zare ko zangarniya guda ba.

"Iri ne fa, Malam. In ka cinye shi a Sudan, me za mu shuka?"

"Allah zai kawo. Kafin damina na dawo."

"Da me za ka dawo? Da haƙori? Shi za mu binne a gona?"

Ya daka mata tsawa, ya ce mace ba ta san tafiya ba, ya ce gobe ta sussuke su ta yi masa gari da tukuɗi. Hure ta dube shi. Ba tafiyar take ƙi ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne kalmar nan "kyauta". Abincin Kallamu yana da tsada saboda sai an zaro kuɗi daga aljihu, amma yunwar 'ya'yanta da guminta, su kyauta ne.

Washegari tun da hantsi ƙarar taɓarya ta cika gidan. Sama'ilu yana zaure yana karɓar masu zuwa taya murna, yana jin sussuka, yana murmushi. Hure ta sussuke dammunan tas, ta sheƙe, ta tara tsabar a babbar ƙwarya. Sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙullin maganin iri da malamin gona ya raba musu bara, jan garin nan da ake cuɗa iri da shi ranar shuka don kada ƙwari da tsuntsaye su ci. Ko yaro a garin ya san abin da ya taɓa maganin nan ya haramta ga baki. Ta zazzage shi duka, ta sa hannu biyu ta cuɗa, ta cuɗa, har ba ƙwayar da ba ta yi ja ba.

Da azahar ya shigo ganin guzurinsa, ta ajiye masa ƙwaryar a gaba.

Ya daɗe yana kallo.

"Hure, guba kika zuba a abincina?"

"A irina na zuba, Malam. Abincinka yana wurin Alhaji Kallamu, ka je ka biya."

Ya yi faɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ya kira ta muguwa, ya kira ta mai baƙin ciki da alherin mijinta. Ta tsaya ƙyam, hannuwanta jajir har wuyan hannu, ba ta ba shi haƙuri ba, domin ba ta ga laifin da ta yi ba. Gero kuwa a kasuwa ya fi ƙarfin kowa, guzurin wata da watanni ba zai sayu ba. Dole ya kwashi kuɗin bijimin gaba ɗaya ya kai wa Kallamu. Tsaraba ta tafi, haƙori ya tafi.

Ranar tafiya ya bi gari gida gida yana neman gafara, kamar yadda duk mai niyyar Makka yake yi, tunda ba wanda ya san ko zai dawo. Ya roƙi liman, ya roƙi mahauci, ya roƙi har mutumin da suka shekara suna shari'ar iyakar gona. Hure tana bakin ƙofar ɗakinta tana jira. Ta riga ta shirya amsarta tun asuba: za ta ce ta yafe, shi ma ya yafe mata. Fushi daban, hanyar Makka daban.

Ya shigo, ya shafa kan yara, ya ɗauki buta da jakarsa. Ya wuce ta gabanta, har gefen rigarsa ya taɓa turmi, bai waiwaya ba.

Ta bi shi da ido har ya fice daga zaure. Hawaye suka zubo mata, na takaici, ta ɗaga hannu za ta share, sai ta tuna da jan da har yanzu yake maƙale a farcenta. Ta share da gefen zane. Sannan ta ɗauki ƙwaryar irin, ta juye a tulu, ta liƙe bakinsa da taɓo, ta ɗora can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.