Kujerar Gaba

Shagon Maman Auta yana jikin katangar coci, har in mawaƙa suna gwaji da yamma sai ka ji tana taka keken ɗinkinta daidai da gangarsu. Ita ta ɗinka musu rigunan da suke sawa ranar Lahadi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta maza sun yi nisa wajen neman abinci. Saura 'yar ƙaramarsu, wadda kowa ke kira Auta, tana karatun aikin jinya, kuma ita ke jan waƙa a ƙungiyar mawaƙa.

Cocin na da wata tsohuwar bas, Kawu Direba ne ke tuƙa ta. Aminin marigayi mijin Maman Auta ne, tare suka taso. Sanyin tuƙinsa ya sa matasa suka mai da shi abin tsokana, Auta ce kuwa kan gaba.

"Kawu, ga mai keke can ya wuce mu, har yana ɗaga mana hannu!"

"Bar shi ya je, 'yata. Sauri ya haifi nawa."

Wata Asabar aka gayyaci mawaƙan zuwa wata ikkilisiya a wani gari. A hanyar dawowa tayar gaba ta fashe a kan gangare, motar ta kauce ta daki bishiya ta ɓangaren kujerar gaba, inda Auta take zaune. Sauran sun fita da ƙujewa da targaɗe. Kawu Direba ya karye a hannu da haƙarƙari. Auta kuwa, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Tun daga gadon asibiti, duk wanda ya je duba Kawu Direba magana ɗaya yake ji: "Ni na ce ta dawo gaba. Tana can baya cikin 'yan uwanta, ni na kira ta." Maganar ta zaga har ta iso ɗakin makoki. Mata suka riƙa satar kallon Maman Auta. Ba ta ce uffan ba.

Da aka share makoki ta koma zuwa sujada a coci, amma ta bar wurin zamanta na da, ta koma jikin taga, bayan wani ginshiƙi. In an ɗauki waƙa sai ta buɗe littafin waƙoƙi ta zuba masa ido, leɓenta ko motsi. Da Kawu Direba ya warware shi ma ya dawo, hannu rataye a wuya, yana zama a bencin ƙarshe. In fasto ya ce a tashi a gaisa da juna, sai ta sulale ta ƙofar gefe. Ranar Jibin Ubangiji aka miƙo mata farantin gurasa mai tsarki, ta girgiza kai, ya wuce.

Fasto ya same ta a shago tana sa wa wata riga maɓalli. Ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya zo kan maganar gafara.

"Mama, bawan Allahn nan bai yi da gangan ba."

"Na sani, Fasto."

"To me ya hana ki ko gaisuwa?"

Ta ciji zare ta tsinke. "Ka yi mini addu'a kawai. Ni tawa ba ta fitowa."

Ya yi, ta ce amin, ya tafi. Ba a jima ba bencin ƙarshe ya zama wayam. Kawu Direba ya daina zuwa.

Wata safiya sai ga matarsa a bakin shago da ƙunshin kaya. Ta tsaya kamar baƙuwa, ita da suka yi shekaru suna zama kafaɗa da kafaɗa a ƙungiyar zumuntar matan coci.

"Maman Auta, rigunansa ne. Duk sun yi masa yawa, kamar an rataya su a jikin ƙusa. Ban iya kai wa wani tela ba, ke kika ɗinka su."

Maman Auta ta ɗaga riga ɗaya. Ɗinkinta ne kuwa, ta gane yankan wuyan.

"Yaya zan rage ban auna shi ba?"

"Ba ya fita. Ba ya cin abinci. In na yi magana sai ya juya wa bango fuska."

Ƙunshin ya kwana a kan tebur. Washegari da hantsi ta rataya tef ɗin awo a wuya, ta rufe shago.

Ta same shi a tsakar gida a kan kujerar roba, ƙasusuwan wuyansa duk a waje. Da ya gan ta ya yunƙura zai tashi.

"Zauna, Yaya. A'a, tashi ɗin dai, awo na zo yi."

Ya miƙe. Ta auna kafaɗa, ta auna ƙirji, tana karanta lambobin a hankali kamar yadda ta saba. Da ta zo hannun da ya karye ta ga ya ƙanƙance, bai miƙewa sosai. Ta riƙe tef ɗin a gwiwar hannun, ta kasa ci gaba.

"Me ya sa kake ce wa mutane kai ka kira Auta gaba?"

"Ai ni na kira ta."

"Yaya, dubi idona. Wa ya bi ka har bakin mota da safen nan? Wa ya ce maka mota na juya mata ciki, ka taimaka ka sa ta gaba kusa da taga?"

Matarsa, da ke tsaye a ƙofar kicin, ta dafe ƙirji. Ita ma ba ta taɓa ji ba.

Kawu Direba ya sunkuyar da kai. "Kin rasa 'ya. Na ce kada a ƙara miki da bakin mutane. Ni dai ko yaya ne, ni ke riƙe da sitiyari."

"Na bar ka kana ɗauka kai kaɗai. Ina ji ana faɗi, na yi shiru. Ba ƙin ka nake ba. In na gan ka, muryata nake ji tana cewa a sa ta gaba."

Ta zauna a ƙasa. Kukan da ba ta yi ba ranar da aka binne Auta shi ya ɓalle mata, mai sauti, har maƙwabta suka leƙo ta katanga suka koma. Shi ma ya zauna a gefenta yana nasa.

Da ta ɗan lafa ta ce, "Ban taɓa tambayar kowa ba. Ta sha wahala?"

"Barci take yi. Tun da muka baro garin ta jingina kai da taga. Kafin nan ta ce in tashe ta in mun iso, ko da shekara mai zuwa ce."

Maman Auta ta yi wata irin dariya da ta koma kuka.

Matar Kawu Direba ta zo ta durƙusa ta kama hannuwansu. "Wani ya yi mana addu'a."

Shi ya kasa, ita matar ma ta kasa. Can Maman Auta ta buɗe baki, murya a dushe.

"Ya Uba, ga mu nan. Mun so mu yi mata alheri ne, ni da shi. Kai ka san sauran. Ban gane ba, kuma zuciyata ba ta daina ciwo ba. Kada dai ka sake mu. A cikin sunan Yesu."

Ranar Lahadi ta biya ta gidansu, suka taho su uku a hankali, saboda haƙarƙarinsa bai son sauri. Mutane suka yi ta kallo, wasu tsofaffin mata suna share ido da bakin zane. Bayan an tashi ta je ta sami fasto da dattawa ta faɗa musu yadda abin ya kasance, don kada a ƙara ɗora wa mutumin abin da ba nasa ba.

Kawu Direba bai sake taɓa sitiyari ba. Da hannun ya yi ƙwari ya karɓi aikin share harabar coci. In ya gama yakan zo shago ya zauna, wata rana su yi hirar Auta, wata rana har ya tashi ba wanda ya ce komai.